Zakari Mai Faci Ya Ƙi Miƙa Birni

Zakari mai faci yana durƙushe gaban bahon ruwa, yana juya tub ɗin babur a ciki yana neman inda iska ke fita, sai ga Muntaka tela ya tsallako titi daga shagonsa, waya a hannu, tef ɗin awo a wuya.

"Baba Zakari, barka da rana. Ka ga saƙon da na turo maka?"

"Na gani."

"To me ka ce?"

Zakari bai ɗago ba. Kumfa ya fara tasowa daga gefen tub ɗin, ya danne wurin da babban yatsa, ya soka tsinken ashana a hujin don kada ya ɓace masa.

"Na ce a'a."

"Haba Baba! Birni ɗaya fa ya rage maka, ɗaya tak. Ka miƙa wuya cikin mutunci mu ma mu samu mu ƙarasa. Wata biyu muna jan wasan nan, kuma rabin jiran kai muke jira."

"Wa ya riƙe ka? Zo ka karɓa."

"Zan zo kuwa."

"Ka taho da tabarma, don za ka daɗe a ƙofa."

Direbobin da ke jiran lodi a bakin tashar Matameye suka kwashe da dariya. Muntaka ya gyara tef ɗinsa ya koma shago yana girgiza kai.

Wasan da suke magana a kai na gina daula ne a cikin waya. An yanka taswira gurbi-gurbi kamar filin dara, akwai kogi, akwai duwatsu, akwai daji da gonaki. Kowa da gari ɗaya yake farawa. Ya yi noma, ya tara hatsi da itace, ya zaɓi abin da mutanensa za su koya, ya kafa wani garin, ya tara sojoji. Ba tare ake bugawa ba, layi-layi ne. In layi ya zo kanka sai wayarka ta yi ƙara, kana da awa ashirin da huɗu ka motsa abin da za ka motsa, ka danna maɓallin gamawa, layi ya wuce kan na gaba. Wanda aka cinye birninsa na ƙarshe kuwa, taswira ta rufe masa ke nan, wayarsa ba ta ƙara yin ƙara.

Su shida suka fara, ƴan fadar shayi ta bakin tasha. Muntaka ya riga ya cinye biyu. Saura huɗu: shi Muntaka, da Zakari, da Inusa mai cajin waya, da Mustafa da ke can Ibadan yana kabu-kabu da babur. Yadda layin ya faɗa, daga Muntaka sai Mustafa, daga Mustafa sai Zakari.

Mustafa ɗan farin Zakari ne. Shekararsa ashirin da shida a duniya, uban bai taɓa kiran sunansa da bakinsa ba. Haka Zakari ya tarar mahaifinsa na yi da babban wansa, haka ya ɗauka. Ba ya zama da shi a tabarma ɗaya, ba ya tambayar lafiyarsa a gaban mutane, in dole ta sa a ambace shi sai ya ce "mutumin Ibadan". Ƴan zamani sun saki wannan kunyar, suna rungumar ƴaƴansu na fari a tasha ana kallo. Zakari bai saki ba. Lambar yaron tana cikin wayarsa ba tare da suna ba, kuma bai taɓa danna ta ba. Shi ma yaron ya san gidan da ya fito, ba ya kira. Labarinsa sai ta wajen ƙanwarsa Jannatu da ke aure a Dawce, ita ma sai ta zo ganin gida, sai kuma ta ga dama ta faɗa, don ba mai tambayarta.

Bara waccan tirela ta take ɗan Malam Sadisu maƙwabcinsu a Legas. Sai da aka yi kwana goma sha ɗaya labari ya iso. A cikin kwanakin nan Zakari ya ga Malam Sadisu a kasuwa yana cinikin akuya yana dariya har da riƙe ciki, ɗansa kuwa tuni yana ƙasa. Wannan dariyar ta tsaya wa Zakari a rai. Shi da kansa ya yi cin rani shekara goma sha takwas a Ibadan kafin bayansa ya hana shi, ya san titunan, ya san yadda manyan motoci ke bi ta kan ɗan kabu-kabu su wuce.

Ranar da ya ji Muntaka na cewa a fada suna neman na shida, kuma har Mustafa ya shiga daga Ibadan, ya ci gaba da shan shayinsa. Sai da aka watse ya je rumfar Inusa ya ajiye wayarsa kan tebur ya ce, "Sa mini abin nan." Inusa sa'ansa ne, tare suka yi cin rani. Ya kalle shi, ya sa masa, bai tambaye shi dalili ba.

Tun daga ranar, duk lokacin da waya ta yi ƙara ta ce layinsa ne, Zakari ya san yaron ya tashi lafiya, yana da hannu, yana da ido, ya danna maɓalli.

Da farko wasan manomi ya yi. Duk ƙwayar da ya samu sai rumbu. Garuruwansa suka kai uku, kowanne ya cika shi da rumbuna. Da wasan ya ba shi zaɓi tsakanin koyon ƙira da koyon ban-ruwa, bai yi tunani biyu ba ya ɗauki ban-ruwa. Muntaka kuwa ƙira ya ɗauka, ya ƙera takubba, a mako guda ya kwashe garuruwa biyu. Ya zo fada yana cewa bai taɓa cin gari mai maiƙo irin na Baba Zakari ba, a yi masa godiya da ajiya.

Daga nan Zakari ya zauna ya koya. Wasan da Faransanci yake, shi kuma aji huɗu ya yi a lakwal, wato makarantar boko, don haka kalma-kalma yake bi da yatsa, abin da ya gagara ya kai wa Inusa. Ya gane cewa maharbin da ke kan tudu ya fi na ƙasa nisan harbi. Ya gane cewa sojan da ya shiga kogi ya cinye zagayensa guda a cikin ruwa, kuma in aka same shi a nan rabin ƙarfinsa ne da shi. Ya gane cewa gurbi ɗaya soja ɗaya yake ɗauka, ba a haɗa biyu. Birninsa na ƙarshe kuwa Allah ya yi shi a wuri mai kyau. Duwatsu sun kewaye shi, ba ta inda soja zai taka ya shiga sai ta gurabe biyu da ke bakin ƙofa. Kogi ya ratsa ta yammacinsu, ɓangaren Muntaka. Ta gabas kuma hanya ce ta taho daga iyakar ƙasar Mustafa. Zakari ya daina gina rumbu, ya zuba komai a ganuwa. Sau uku Muntaka yana tsallako kogin, sau uku ana mayar da shi.

A gida Halima matarsa ba ta da magana sai ta raina wasan.

"Mutum da furfura a gemu, ya zauna yana tura ƴan tsana a waya," in ji ta, tana zuba masa miyar kuka kan tuwo. Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya tana gyara murfin tukunya da ba ya bukatar gyara. "Abin naka ya yi kuka yau?"

"Ya yi, tun hantsi."

"Aikin banza," ta ce, ta ƙara masa man shanu.

Ita kunyarta ta fi tasa nauyi, ita ta haifa. Ko "mutumin Ibadan" ba ta cewa.

Kwana biyu bayan zuwan Muntaka, Zakari ya kai wayarsa caji rumfar Inusa. Zafin bazara ya kai inda ya kai, pano na kan rufi yana shan rana, wayoyi kusan talatin na kwance kan tebur kowace da igiyarta. Inusa a wasan yana can wani tsibiri yana gina jiragen ruwa, mutumin da ko kwalekwale bai taɓa shiga ba, ba ya yaƙi da kowa, ba mai yaƙi da shi. Ya karɓi wayar Zakari, maimakon ya jona ta sai ya buɗe taswira.

"Zo ka ga wani abu. Ka ga waɗannan? Masu garkuwa huɗu, a bakin iyakarka ta gabas. Zagaye tara ke nan suna tsaye. Ba su yi gaba ba, ba su yi baya ba."

"Na gan su."

"Ka san na wane ne?"

"Na ce maka na gan su."

"Zakari, ba za su iya shigowa ba. Dokar wasan ce, sojan wani ba ya taka ƙasarka sai da ƙawance. Kuma ba zai iya bugun Muntaka daga waje ba, sun ƙulla zaman lafiya tun kafin Muntaka ya juyo kanka, irin wanda wasa ba ya bari a karya sai wa'adinsa ya cika. Abu ɗaya ya rage. Ga jerin sunaye nan. Ka danna sunansa, ka danna neman ƙawance, shi ke nan."

"Shi me ya hana shi nema?"

"Ɗa ne zai aiko wa ubansa da takardar sharaɗi? Kai ka tarbiyyantar da shi, ka san ba zai yi ba. Ya kawo su bakin ƙofa ya tsaya, iyakar abin da zai iya ke nan."

Zakari ya ƙura wa ƴan sojojin huɗu ido. Can ya ce, "In na danna me zai fito a wayarsa?"

Inusa ya karanta a hankali ya fassara. "Zai ce, Zakari yana roƙon ka zama abokin ƙawancensa. Kuma mu ma duk za mu ga sanarwa."

"Roƙo."

"Haka suka rubuta, ba ni na rubuta ba."

"Ni in roƙe shi, a buga a wayar Muntaka, a karanta a fada ana shan shayi."

"To ai ba bakinka ne zai faɗi sunan ba, yatsa ne."

"Yatsan na wane ne?"

"Kawo in danna maka da nawa."

Zakari ya fizge wayar. "Ka taɓa wurin nan, mun ɓata har abada. Jona mini caji kawai."

Inusa ya jona, ya ce, "Majaujawar Muntaka na hanya, na gan su. Manya ne, daga gurbi biyu suke jifa. Ganuwarka ba za ta ɗauka ba. In birnin nan ya faɗi, ka san abin da ya faɗi tare da shi."

Zakari ya sani sarai.

Majaujawar suka iso ranar kasuwar mako. Uku ne, suka jeru a hayin kogi inda kibiyar Zakari ba ta kaiwa. A zagaye ɗaya suka kashe sojoji biyun da ya girke a bakin ƙofa, suka ci rabin ganuwa. Abin da ya rage masa maharbi ɗaya a cikin birni, sai wani tsohon mai mashi, sojansa na farko tun farkon wasa, da ya manta da shi can gabas kusa da iyaka.

Garin ya cika da mutanen Ɗan Barto da na ƙauyuka, amalanke da babura ko'ina, Zakari ya yi faci tun safe bai miƙe ba. Bayan azahar wayar ta yi ƙara. Ya wanke hannu ya zauna kan tsohuwar taya. Kafin ya gama duba ɓarnar, Muntaka ya iso da ƴan fada biyar a bayansa, har da mai ɗauke da butar shayi.

"Mun zo jana'iza," in ji Muntaka. "Baba, bari in lissafa maka don kada ka ce an zalunce ka. Layina na gaba in ƙarasa ganuwa, masu takubbana su shiga kogi. Na bayansa su hau gurabe biyun nan. Na uku ina cikin birni. Ko ka jawo tsohon nan mai mashi, gurbi ɗaya zai toshe, in bi ta ɗayan. Ka danna miƙa wuya, in bar maka sunanka a kan birnin."

Zakari ya bi lissafin da yatsa a kan taswira. Daidai ne, babu kuskure ko ɗaya. Ya duba gabas, masu garkuwa huɗu na nan inda suke. Ya duba yamma, sojojin Muntaka sun cika gonakinsa na hayi kamar fara. Ya daɗe yana kallon ɓangarorin biyu.

"Muntaka."

"Na'am, Baba."

"Waɗannan naka da ke cikin ƙasata, wa ya ba su izinin shiga? Ni dai ban ƙulla ƙawance da kai ba."

Muntaka ya yi dariya har tef ɗinsa ya zame. "Ai yaƙi muke, Baba! Wanda kake yaƙi da shi ba ya neman izini. Iyaka ta masu zaman lafiya ce."

"In mutum zai ɗaura yaƙi, sai ya danna sunan wancan?"

"Ko ka danna suna, ko kawai ka bugi sojansa. Kana bugu yaƙi ya ɗauru. Me ya sa? Inusa za ka kai wa hari a tsibiri?"

Aka sake dariya. Zakari ya ɗora yatsa kan tsohon mai mashi, ya ja shi gurbi ɗaya zuwa bakin iyaka, ya danna kan mai garkuwar da ke gabansa. Wayar ta fito da jan rubutu tana tambaya ko ya tabbata. Bai bukaci a fassara masa ba. Ya danna. Tsohon ya ɗaga mashi ya soki mai garkuwa, jinin sojan ya ragu kaɗan. Wayar Muntaka ta yi ƙara a hannunsa.

Muntaka ya duba, ya buɗe baki. "La ilaha illallahu! Jama'a, Baba Zakari ya ɗaura yaƙi da ɗansa!"

"Zafin rana ne," wani ya ce.

"Maƙiyi ɗaya bai ishe ka ba, Baba?"

Zakari ya danna maɓallin gamawa, ya sa wayar a aljihu, ya jawo tayar amalanken da ke jiransa. "Ku matsa mini, kuna tare mini haske."

Inusa ya taho da sauri daga rumfarsa, ya bar wayoyin mutane ba mai tsaro. Ya jira ƴan fada suka watse sannan ya tsuguna kusa da shi.

"Na gane abin da kake nufi. Dabara ce, ban musa ba. Amma ka yi tunanin yadda shi zai gani? Ya yi zagaye tara a ƙofarka yana jira, abin da ya fara fitowa daga wajenka duka ne. Ba kalma, ba bayani. Yaron da bai taɓa ɗaga ido ya kalle ka ba, in ya ɗauka fushi kake da shi fa? In ya ɗauka cewa kake ya bar maka wuri? Zai iya janye sojojinsa. Zai iya fita daga wasan gaba ɗaya, don kada a ce ya yi yaƙi da ubansa."

Hannun Zakari ya tsaya a kan taya. Wannan bai zo masa a rai ba. Shi gurabe yake ƙirgawa, da hanya, da kogi.

"Ka bari in tura masa saƙo," in ji Inusa. "Kalma biyu."

"A'a."

"Zakari!"

"In ka tura, roƙon ne dai ya bi ta bayan gida. Na ce a'a. In jinina ne zai gane."

Ya faɗe ta da ƙarfi, ya ɗauki famfo ya hau buga wa tayar iska.

Inusa ya buga layinsa nan take. Muntaka ya buga nasa daidai kiran la'asar: ganuwa ta rushe gaba ɗaya, masu takubba biyu suka faɗa kogi. Layi ya koma kan Mustafa.

Labari ya riga Zakari isa gida, matar Muntaka ta kai. Halima na tankaɗe a tsakar gida, ba ta yi masa sannu da zuwa ba.

"An ce ka ɗaga hannu ka kai duka."

"Wasa ne."

"Na san wasa ne. An ce ka ɗaga hannu." Ta buga rariya a tafin hannunta. "Shekara ashirin da shida ba ka taɓa ba, sai yanzu da mutum ke bakin duniya."

Tuwon ranar ba man shanu.

Washegari ya fito da wayar cike da caji, ya ajiye ta kan bencin aiki inda zai gan ta. Hantsi ya yi, ba ta yi ƙara ba. Ya ɗaga ta sama ya duba reso, wato sabis, sanda huɗu cif. Yaron ya saba bugawa da hantsi, in ya makara to lokacin da ya tsaya cin abincin rana. Rana ta take, shiru. Zakari ya manna faci a gefen huji maimakon kansa, mai babur ya tafi ya dawo yana turawa yana faɗa, ya sake masa facin. In awa ashirin da huɗu ta cika yaron bai buga ba, wasan zai tsallake shi, sojojinsa su tsaya inda suke, Muntaka ya hau bakin ƙofa. Wannan ɗaya ke nan. Ɗayan kuma, wanda ya fi cin sa, shi ne bai san dalilin shirun ba. Ko yaron na zaune wani wuri yana kallon jan rubutun nan zuciyarsa a ɓace. Ko kuma wayar na kwance a gefen wani titi.

Aka yi azahar. A masallaci ya yi addu'a bai ambaci suna ba, ya san Wanda yake roƙo ya san sunan. Da ya dawo ya ciro wayar, ya buɗe lambar nan marar suna, ya kalle ta har fuskar wayar ta mutu da kanta. Ya mayar aljihu.

Muntaka ya leƙo daga shago. "Baba, saura awa ɗaya! In sa a ɗora shayi?"

"Ɗora. Ka sa sukari da yawa, za ka bukace shi."

Ladan na gyaran murya a lasifika don kiran la'asar wayar ta yi ƙara.

Zakari bai ɗauka nan da nan ba. Ya zauna kan taya, ya goge hannunsa da tsumma yatsa bayan yatsa, sannan ya buɗe. Inusa ya riga ya iso yana leƙe ta kafaɗarsa.

Masu garkuwa biyu sun biyo hanyar gabas, sun tsallake iyaka, sun hau gurabe biyun bakin ƙofa, sun juya wa birnin baya suna fuskantar kogi. Na uku ya tsaya a bayansu kan hanya. Babu wanda ya taɓa birnin, ko da yake ba ganuwa, a buɗe yake. Na huɗun, wanda aka soka, yana nan inda yake a gaban tsohon mai mashi, da rauninsa, bai rama ba, bai matsa ba.

Inusa ya sauke numfashi. "Wallahi ɗanka ne."

Zakari ya kawar da fuska ya yi kamar yana neman wani abu cikin akwatin kayan aiki. Ya daɗe yana nema.

Muntaka ya tsallako titi ko takalmi bai tsaya sawa ba. "Wannan ba yaƙi ba ne! Wane irin yaƙi ne maƙiyi zai zo ya yi maka gadi? Ya toshe mini hanya, kuma ba ni da ikon bugunsa. Wannan cuta ce, Baba, haɗin baki ne!"

"Haɗin baki?" Zakari ya rufe akwatin ya juyo. "Tambayi Inusa, tambayi duk Matameye, yaushe na taɓa magana da shi? Maƙiyina ne, ga shi nan da jan rubutu. Kai ka koya mini dokar da bakinka."

"Yana tsaye kan gonakinka biyu mafi kyau. Muddin yana nan ko ƙwaya ba za ka girba ba. Birninka zai rame."

"Ya rame. Nawa ne."

"Zaman lafiyata da shi saura zagaye bakwai ya ƙare. Ranar nan har shi har kai zan haɗa."

"Bakwai," in ji Zakari, ya ɗan jinjina kai kamar mai auna hatsi. Ya buɗe birni ya sa a fara sabuwar ganuwa. Wasan ya fito da ƙaramin rubutu yana ba shi shawarar neman sulhu da sabon maƙiyinsa, ya ture shi gefe. Tsohon mai mashi ya bar shi inda yake. Sannan ya ɗora yatsa kan maharbinsa, ya duba masu takubban Muntaka biyu da ke tsaye tsamo-tsamo cikin kogi, ba gaba ba tudu.

"Wanne ka fi so a cikinsu, na dama ko na hagu?"

"Baba, don Allah."

"Na hagu ke nan."

Ya harba, ya danna maɓallin gamawa, ya miƙe ya ɗauki butarsa don alwala.

"Inusa, layinka ne. Yi sauri ka tura jiragenka, tela na jira."